Samuel Ajayi Crowther: Bawan da Ya Zama Malami da Bishop da Masanin Harsuna

1.0 Gabatarwa

Duk ɗalibin da ya nazarci tarihin rubutun Hausa na boko zai ci karo da sunayen Turawa irin su J. F. Schön da Heinrich Barth da C. H. Robinson da G. P. Bargery. Akwai kuma wani baƙar fata wanda sunansa kan fito a gefen wannan labari, a ambace shi a wuce, alhali kuwa shi ne abokin tafiyar Schön a balaguron da ya haifar da littafinsa na farko a kan Hausa. Wannan mutum shi ne Samuel Ajayi Crowther, Bayarabe, malamin makaranta, kuma baƙar fata na farko da aka naɗa bishop a Cocin Anglika. Ya kamata a tuna tun daga farko cewa Hausawa da Nufawa da Barebari sun daɗe suna rubutu da Larabci da ajami kafin zuwan 'yan mishan. Abin da ake magana a kai a nan shi ne rubuta harsunan wannan yanki da haruffan boko. Wannan babi zai bi rayuwar Crowther daga ƙuruciya zuwa rasuwa, domin a ga yadda sauraron harshen mutane ya zama ginshiƙin aikinsa na koyarwa, a kuma ga irin sakayyar da aka yi masa a ƙarshen rayuwarsa.

2.0 Haihuwarsa da Kama Shi Bauta

An haifi Ajayi a wajen shekarar 1809 a garin Osogun, cikin Jihar Oyo ta yanzu. Zamanin ƙuruciyarsa ya zo daidai da lokacin da tsohuwar Daular Oyo take wargajewa, yaƙe-yaƙe suka yawaita, kamun bayi ya zama sana'a. A shekarar 1821 mahara suka afka wa Osogun, suka ƙone garin, suka kama Ajayi tare da mahaifiyarsa da ƙannensa mata. A wata doguwar wasiƙa da ya rubuta a 1837 ya bayyana cewa rundunar ta ƙunshi Musulmin Oyo da Fulani da bayin da suka gudu daga iyayengijinsu. Daga wannan rana bai sake ganin mahaifinsa ba.

Ba a jima ba aka raba shi da mahaifiyarsa. An taɓa musayar sa da doki, aka mayar da shi da cinikin ya warware, sannan aka yi ta sayar da shi daga hannu zuwa hannu, wani lokaci a bakin taba ko barasa, har ya isa Ikko. Wani abin lura a cikin wasiƙar tasa shi ne yadda ya riƙa ambaton bambancin karin harshen garuruwan da aka bi da shi. A Ikko Turawan Fotugal suka saye shi, suka loda shi cikin jirgin ruwa tare da bayi fiye da 180. Ranar 7 ga Afrilu, 1822, jiragen sojojin ruwan Ingila masu farautar masu fataucin bayi suka tare jirgin. A watan Yuni na wannan shekara aka sauke Ajayi a Freetown, ƙasar Saliyo, a matsayin 'yantacce.

3.0 Karatunsa da Koyarwarsa a Saliyo

A wancan zamani Saliyo matattara ce ta dubban 'yantattun bayi daga sassa daban-daban na Afirka. Ana jin Yarbanci da Ibo da Hausa da Nufanci da Barbarci a unguwanninta. Saboda haka ne ma Bajamushe S. W. Koelle ya iya tattara kalmomi daga harsuna fiye da 100 ba tare da ya bar ƙasar ba, ya buga su a 1854. A cikin wannan yanayi Ajayi ya shiga hannun ƙungiyar mishan ta Cocin Ingila wadda aka fi sani da CMS. Cikin kimanin wata shida ya iya karanta Sabon Alkawari da Ingilishi, ya kuma koyi aikin kafinta. Ranar 11 ga Disamba, 1825, Rabaran John Raban ya yi masa baftisma, ya ɗauki sunan Samuel Crowther, sunan wani limamin coci na Landan.

A 1826 aka tafi da shi Ingila, inda ya yi 'yan watanni a wata makaranta a unguwar Islington. Da ya dawo a 1827 sai ya zama ɗalibi na farko da aka rubuta sunansa a makarantar Fourah Bay, wadda aka kafa domin horar da malamai da ma'aikatan coci, wadda kuma daga baya ta zama kwaleji mafi daɗewa irin ta Turawa a Afirka ta Yamma. Ya auri Asano, wadda ita ma aka 'yanto ta daga wani jirgin bayi, aka kuma yi mata baftisma da sunan Susan. Ita ma malamar makaranta ce. An ba shi riƙon makarantar ƙauyen Regent, matarsa tana taimaka masa, daga nan aka mayar da su Wellington, sannan aka dawo da shi Fourah Bay a matsayin malami. A waɗannan shekaru ne ya taimaka wa Raban wajen tattara kalmomin Yarbanci. Ke nan ya shafe fiye da shekara goma yana aikin aji kafin ya zama limamin coci.

4.0 Balaguron Kogin Kwara na 1841

A 1841 gwamnatin Ingila, bisa shawarar Thomas Fowell Buxton, ta aiko da jiragen ruwa uku, wato Albert da Wilberforce da Soudan, su bi Kogin Kwara, su ƙulla yarjejeniyar hana cinikin bayi da sarakuna, su kuma buɗe hanyar ciniki da noma. CMS ta tura mutum biyu, Rabaran J. F. Schön da Crowther. Ayarin ya wuce Abo da Idda, ya kafa gonar gwaji a mahaɗar Kwara da Binuwai, jirgi ɗaya kuma ya kai har Eggan a ƙasar Nufe. Zazzaɓi ya hallaka Turawa fiye da 40, aka juyo ba tare da an cimma manufa ba.

Duk da haka, tafiyar ta haifar da abubuwa biyu masu muhimmanci. Na farko, matafiyan sun ga cewa Hausa ita ce harshen fatauci a kasuwannin bakin kogi, kuma mai jin ta zai iya mu'amala da ƙabilu da yawa. Schön ya duƙufa a kanta, ya buga jerin kalmomin Hausa tare da taƙaitaccen nahawu a 1843. Daga baya, da taimakon Dorugu, yaron da Barth ya tafi da shi Turai, ya fitar da nahawu a 1862, da ƙamus a 1876, da Magana Hausa a 1885. Na biyu, Schön ya shawarci CMS cewa 'yan Afirka ne za su iya wannan aiki, tunda su ne ke jure yanayin ƙasar, su ne kuma ke jin harsunanta. Rahoton tafiyar da Crowther ya rubuta, wanda aka buga tare da na Schön a 1842, ya zama hujja a kan haka. Aka kira shi Landan ya ƙaro ilimi, Bishop na Landan ya naɗa shi limamin coci a 1843.

5.0 Komawarsa Ƙasar Yarbawa da Rubuta Yarbanci

A shekarar da aka naɗa shi ya buga littafinsa na farko, wato jerin kalmomin Yarbanci da bayanin nahawunsa. Wannan na cikin ayyukan farko da ɗan Afirka ta Yamma ya yi a kan harshensa na gado da haruffan boko. A 1845 ya sauka Badagiri tare da Henry Townsend da C. A. Gollmer, a 1846 kuma shi da Townsend suka shiga Abekuta. A can ne ya haɗu da mahaifiyarsa, Afala, bayan rabuwar shekara 25. An yi mata baftisma a 1848 da sunan Hannah.

Babban aikinsa a wannan lokaci shi ne fassara da daidaita ƙa'idojin rubutu. Ya fassara sassa na Littafi Mai Tsarki da littafin addu'o'in Anglika, ya kuma faɗaɗa nahawunsa da ƙamusunsa a 1852. Hanyar aikinsa ita ce zama da dattawa da masu addinin gargajiya da malaman Musulmi, yana sauraron yadda suke sarrafa kalmomi, yana rubuta karin magana. Ya kuma nace cewa dole a riƙa nuna karin sauti a rubutun Yarbanci, domin shi ke bambanta ma'ana. Misali, igba na nufin 200, igbá na nufin ƙwarya, ìgbà kuwa lokaci. Ɗalibin Hausa zai fahimci girman wannan mataki idan ya tuna cewa daidaitaccen rubutun Hausa ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, shi ya sa kalmar kuka ta hawaye da kuka ta miya suke da rubutu iri ɗaya, haka ma gari na mutane da gari na tuwo. Haruffan Hausa masu lanƙwasa ma sai a shekarun 1930 aka tsayar da su. An kammala fassarar Littafi Mai Tsarki gaba ɗaya zuwa Yarbanci a 1884, kuma wannan fassara ta taimaka ƙwarai wajen samar da daidaitaccen Yarbanci.

A 1851 ya je Ingila, ya gana da Sarauniya Victoria da mijinta, ya yi bayani a kan cinikin bayi a Ikko. A ƙarshen wannan shekara jiragen yaƙin Ingila suka yi wa Ikko ruwan wuta, suka tuɓe Sarki Kosoko, suka mayar da Akitoye. Masana tarihi suna kallon wannan a matsayin matakin farko na mulkin mallaka a Nijeriya, kuma suna lissafa shi cikin abubuwan da ake muhawara a kansu game da Crowther.

6.0 Binuwai da Jabba da Ƙasar Nufe

A 1854 ya sake bin kogi a jirgin Pleiad, ƙarƙashin jagorancin Dokta William Baikie. Sun yi nisa cikin Binuwai, kuma saboda shan kwinin a kai a kai babu Baturen da ya mutu. A 1857 suka koma a jirgin Dayspring. A wannan tafiya ce Crowther ya kafa tashar mishan a Anaca, ya bar Rabaran J. C. Taylor, wanda iyayensa Ibo ne, ya kula da ita, ya kuma kafa wata a Gbebe kusa da mahaɗar koguna. Jirgin ya yi karo da duwatsu kusa da Jabba ya lalace, matafiyan suka daɗe a wurin suna jiran ɗauki. Crowther ya yi amfani da wannan zama wajen koyon Nufanci da ziyartar Raba.

Sakamakon haka ya fitar da littafin koyon karatun Ibo a 1857, da na Nufanci a 1860, da nahawu da jerin kalmomin Nufanci a 1864. A daidai wannan lokaci Schön yana Ingila yana shirya littafin koyon karatun Hausa da fassarorin da ake nufin amfani da su a wannan mishan ta Kwara. Shi ma Baikie, wanda ya zauna a Lakwaja har ya ziyarci Kano a 1862, ya yi nasa ƙoƙarin fassara zuwa Hausa. Ta haka ne Lakwaja ta zama ƙofar da nazarin Hausa na boko ya fara leƙowa ƙasar Arewa ta cikinta.

7.0 Zamansa Bishop da Kafa Makarantu

Sakataren CMS na lokacin, Henry Venn, yana da ra'ayin cewa cocin Afirka ya kamata ta mulki kanta, ta ɗauki nauyin kanta, ta kuma yaɗa kanta. Bisa wannan ra'ayi aka naɗa Crowther bishop a babbar majami'ar Canterbury ranar 29 ga Yuni, 1864, Jami'ar Oxford kuma ta ba shi digirin girmamawa na dokta. Sai dai Townsend da wasu Turawa sun ƙi yarda su zauna ƙarƙashin baƙar fata. Don haka aka tsara ikonsa ta yadda ya shafi ƙasashen da ke wajen mulkin Sarauniya, aka cire Turawan da ke aiki a ƙasar Yarbawa daga hannunsa.

A duk inda ya kafa tasha, makaranta ce kan gaba. Ya buɗe tashoshi a Bonny da Brass da Lakwaja da tudun Kipo kusa da Eggan. A Bonny ya shawo kan sarki da manyan gari suka ɗauki rabin kuɗin kafa tashar. Attajiran bakin teku sun fi son 'ya'yansu su koyi Ingilishi da lissafi saboda ciniki. Ya ba su abin da suke so, tare da koyar da karatu cikin harshen gida. Ya ƙarfafa karatun 'ya'ya mata da koyon sana'o'in hannu. Makarantar Holy Trinity ta Lakwaja, wadda ta samo asali daga aikinsa na shekarun 1860, ana lasafta ta a matsayin makarantar firamare ta boko mafi daɗewa a Arewacin Nijeriya. Daga baya ya gina makarantar horar da malamai a garin. Aikin yana tattare da haɗari, domin a 1867 wani basarake mai suna Abokko ya kama shi tare da ɗansa Dandeson ya yi garkuwa da su, har wani jami'in Ingila mai suna Fell ya rasa ransa wajen kuɓutar da su.

Dangantakarsa da sarakunan Musulmi abin nazari ce. Ko da yake Musulmi na cikin waɗanda suka kama shi bauta, bai ɗauki hanyar zagi ko jayayya ba. Ya riƙa ziyartar Sarkin Bidda Masaba da magajinsa Umaru Majigi, yana neman izininsu kafin ya kafa tasha. A 1872 ya amsa tambayoyin malamai a fadar Sarkin Ilori cikin natsuwa, aka rabu lafiya. Ba a samu Musulmi da yawa da suka bi addininsa ba, amma sarakunan sun amince da shi. Shaidar haka ita ce wasiƙar da Sarkin Bidda Maliki ya aika masa a shekarun 1880 ta hannun Rabaran Charles Paul, yana roƙon ya isar wa Sarauniyar Ingila cewa a hana shigo da barasa ƙasar Nufe. Da Hausa aka rubuta wannan wasiƙa.

8.0 Rikicin Ƙarshen Rayuwarsa

Mishan ta Kwara tana da rauni na gaskiya. Ma'aikatanta kusan duk 'yan Saliyo ne, da yawansu masu sana'ar hannu ne da ba su sami isasshen horo ba, albashinsu kuma kaɗan ne. Bishop yana zaune a Ikko, ya dogara da jiragen 'yan kasuwa, ba ya iya kai ziyara sai lokacin cikar kogi. An sami wasu ma'aikata da laifuffuka, har da na kisan wata yarinya a Anaca. Bayan rasuwar Venn a 1873 sai ra'ayin CMS ya fara sauyawa. Aka ɗauke harkokin kuɗi daga hannun Crowther aka ba Bature. A 1880 aka rubuta rahoton zargi a kan ma'aikatansa ba tare da an ba su damar kare kansu ba. A wannan shekara ce kuma matarsa ta rasu. Haka nan kamfanin George Goldie, wanda ya sami izinin mulkin yankin kogi a 1886, ya riƙa ture 'yan kasuwa baƙaƙen fata, ra'ayin fifita farar fata kuma yana ƙara ƙarfi a Turai.

A 1890 wasu matasan 'yan mishan suka iso, cikinsu har da Graham Wilmot Brooke da John Alfred Robinson, waɗanda burinsu shi ne shiga ƙasar Hausa daga Lakwaja. Suka yi wa aikin Crowther kuɗin goro, suka ce na banza ne. A taron kwamitin kuɗi da aka yi a Anaca a watan Agusta na 1890, sakataren mishan F. N. Eden ya dakatar da limaman da bishop ya naɗa da hannunsa, har da ɗansa Dandeson, a gaban idonsa. Dattijon da ya haura shekara 80 ya yi murabus daga kwamitin. Aka sallami ma'aikata da dama, aka rufe makarantar horar da malamai ta Lakwaja. A 1891 ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama shi, ya rasu a Ikko ranar 31 ga Disamba, 1891.

9.0 Abin da Ya Biyo Baya

Robinson ya rasu a Lakwaja a 1891, Brooke kuma a 1892, ba tare da sun kai ƙasar Hausa ba. Domin tunawa da Robinson aka kafa Ƙungiyar Hausa a Ingila, wadda ta tura ɗan'uwansa C. H. Robinson zuwa Kano a 1894, shi ne kuma ya fitar da ƙamusun Hausa a 1899 da 1900. Cocin yankin bakin teku ta ɓalle ta riƙa gudanar da kanta daga 1892 ƙarƙashin Dandeson. CMS ta naɗa Bature, J. S. Hill, a gurbin Crowther, ta ba Isaac Oluwole da Charles Phillips matsayin mataimaka kawai. Magajin Hill, Herbert Tugwell, shi ne ya jagoranci ayarin da ya isa Kano a 1900 tare da Dokta Walter Miller, Sarki Alu ya sallame su. Sai a farkon shekarun 1950 aka sake ba baƙar fata cikakken riƙon yankin bishop na Anglika a Nijeriya. Jikan Crowther, Herbert Macaulay, ya zama jagoran 'yan kishin ƙasa na farko. A 2005 aka buɗe jami'a mai ɗauke da sunan Crowther a Oyo, a 2014 kuma shugaban Cocin Anglika na lokacin, Justin Welby, ya bayyana nadamar cocin a kan zaluncin da aka yi masa.

10.0 Kammalawa

An ga yadda Crowther ya tashi daga bauta zuwa aji, daga aji zuwa shugabancin coci, da yadda a kowane mataki ya fara da koyon harshen mutanen da yake son koyarwa. Manufarsa ta addini ce, kuma aikinsa ya cuɗanya da shigowar Turawan mulki. Duk da haka, littattafan koyon karatu da nahawu da ya bari sun amfani Kirista da Musulmi baki ɗaya. Manufar ilimi ta ƙasa da aka fitar a 1977 ta tanadi a fara koyar da yaro da harshen uwa ko harshen da ya fi rinjaye a muhallinsa. Crowther ya yi aiki da wannan ra'ayi a makarantun bakin Kwara fiye da shekara 100 kafin a rubuta shi a takardar gwamnati. Malamin Hausa da ya tsaya gaban aji ya gaji irin wannan aiki, kuma zai buƙaci irin haƙurin da Crowther ya yi wajen sauraron masu harshe kafin ya rubuta.

Tambayoyi

1. Bayyana dalilan da suka sa Saliyo ta zama cibiyar nazarin harsunan Afirka a ƙarni na 19.
2. Wace rawa balaguron 1841 ya taka wajen fara nazarin Hausa da haruffan boko?
3. Kwatanta yadda rubutun Yarbanci da na Hausa suka ɗauki batun karin sauti, tare da misalai.
4. Tattauna musabbabin rikicin 1890 da tasirinsa a kan shugabancin 'yan Afirka.